Kyamarar shago ba ta buɗewa daga waje: ina matsalar take?

Tambaya: Ina da shagon turare a Jidda, na sa kyamarorin tsaro huɗu. In ina shagon ina ganinsu a waya, da na fita kuwa shike nan. Mai gyara ya buɗe ƙofa a rauta (na'urar da ke raba intanet a shagon), abin bai yi ba, ya ce matsalar adireshi ce daga kamfanin intanet. Gaskiya ne?

Amsa: Alhaji, da alama mai gyaranka ya gano bakin zaren. Tsohon tsarin adireshin intanet, IPv4, adireshi kusan biliyan 4.3 kawai yake da su. Babban rumbun duniya ya ƙare a Fabrairun 2011. Hukumar RIPE NCC, mai raba wa Turai da Gabas ta Tsakiya har da Saudiyya, ta koma ba kowane kamfani 1,024 kacal daga 2012, a Nuwamban 2019 kuma nata suka ƙare ƙaf. Yau mai so sai ya shiga layin jira ko ya saya da tsada.

Mafitar da kamfanoni suka kama ita ce CGNAT, wato a haɗa gidaje da yawa a kan adireshi guda. Kowane adireshi yana da ƙofofi 65,535, wato lambobin da saƙo ke bi ya shiga ko ya fita. In aka yanka wa kowane gida 1,024, kusan gida 64 ke nan a kansa. Kamar masaukin alhazai ne mai lambar waya ɗaya: na ciki na iya kiran waje a amsa masa, amma wanda ya kira daga waje bai faɗi ɗaki ba, mai gadi bai san wa zai haɗa shi da shi ba. Ƙofar da aka buɗe a rautarka ta ɗaki ce, babbar ƙofar tana hannun kamfani. Wannan haɗakar ce ma ke sa wasu shafuka su yi ta tambayarka ko kai mutum ne, don laifin wani da kuke adireshi ɗaya.

Ka tabbatar da kanka. Shiga shafin rauta, duba adireshin da ke gefen WAN, wato ɓangaren da ke haɗe da layin kamfanin intanet. In ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, kana bayan CGNAT. Haka ma in ya bambanta da wanda shafukan duba adireshi ke nuna maka.

Maganin dindindin shi ne sabon tsarin adireshi, IPv6, wanda adireshinsa ba ya ƙarewa a aikace, kuma Saudiyya ta yi nisa a kansa. Sai dai tsarin biyu ba sa jin yaren juna, shi ya sa ƙaurar ke tafiyar hawainiya. Wasu kamfanonin suna ba ka duka biyun lokaci guda. Wasu layinsu IPv6 ne zalla, su cusa zirga-zirgar IPv4 a cikinsa, abin da ake kira DS-Lite. A layin waya kuma an fi amfani da wata dabara makamanciyar wannan, 464XLAT. A waɗannan hanyoyi biyu na ƙarshe, IPv4 ɗinka na haɗaka ne.

Mafi sauƙi a gare ka shi ne manhajar kamfanin da ya ƙera kyamarar. Na'urar naɗar hoton ce ke fara kiran waje, CGNAT ba ya hana wannan. Illarsa hoton kan yi nauyi wani lokaci, kuma ka jingina da sabar wasu, wato kwamfutocin kamfanin kyamarar. In kana son hanya kai-tsaye, nemi kamfanin intanet ɗinka ya ba ka adireshin IPv4 naka na kanka. Galibi a tsarin 'yan kasuwa yake, da ƙarin kuɗi a wata. A ganinmu wannan ya fi kwanciyar hankali ga mai shago.

IPv6 ma yana yi, amma da sharuɗɗa: na'urar naɗar ta san shi (tsofaffi da yawa ba su sani ba), layin wayarka ma yana da shi, a buɗe mata hanya a katangar tsaron rauta, sannan a sa DDNS (suna tsayayye da ke bin adireshinka duk lokacin da ya canza) mai aiki da IPv6 saboda farkon adireshin kan canza in rauta ta mutu ta tashi. In ka je Kano ko Zinder ka hau layin da babu IPv6, ba za ka ga komai ba.

Kafin ka buɗe kowace ƙofa, canza kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita, ka kuma sabunta manhajarta, domin akwai masu bin adireshi dare da rana suna gwada kyamarorin da aka bari haka.