Batirin yashi ko na litiyam: wanne zan saya?

Tambaya: Ina sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi, kuma ina shirin sayen batura don sola. Na ji an ƙera batirin yashi mai arha a Turai. Shin in dakata har ya iso?

Amsa: Malam, kada ka dakata. Batirin yashin da ya fara aiki a garin Kankaanpää na ƙasar Finland a 2022 rumbun ƙarfe ne mai ɗauke da yashi kimanin tan 100, wanda ake zafafawa da lantarki, amma abin da yake bayarwa zafi ne na ɗumama gidaje. Firizarka kuwa wuta take buƙata.

Wahalar tana wajen mayar da zafin ya koma wuta. A tashar Noor da ke Warzazat a Maroko, madubai ke tattara hasken rana su zafafa narkakken gishiri, a adana shi a manyan tankuna, da dare zafinsa ya tafasa ruwa, tururin ya juya injin. A 2022 masu bincike na jami'ar MIT a Amurka suka nuna wata hanya dabam: faranti mai kama da na sola, wanda ke karɓar hasken abin da aka zafafa zuwa kusan digiri 2,000 ya mayar da shi lantarki. Ko a nan, kimanin kashi 40 cikin 100 ne ke dawowa, alhali batirin litiyam yana mayar da kusan kashi 90.

Ana bin hanyar adana zafi ne domin yashi da gishiri suna da arha, kuma babban rumbu yana daɗewa bai huce ba, saboda haka tana da riba ga tashar da ke ba gari wuta. Ƙaramin rumbu a shago zai huce da wuri.

Ka sayi batirin litiyam nau'in LiFePO4 mai takardar garanti, ka ajiye shi inda iska ke shiga. Sannan ka riƙa daskarar da ƙanƙara da rana lokacin da sola ke da ƙarfi, domin firiza cike da ƙanƙara tana riƙe sanyi cikin dare, sai girman batirin da za ka saya ya ragu.

Tambaya: Ni turara shinkafa nake yi. Ko fasahar ta shafe ni?

Amsa: Hajiya, ta fi kusa da sana'arki, tun da zafi kike buƙata kai tsaye. Amma kada ki biya kowa kuɗi sai kin ga na'urarsa tana aiki a wurin wani mai irin sana'arki.