Tambaya da Amsa: Ta yaya namiji zai yi "conceive"?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a fannin ungozoma, kuma tun da na fara karatu abu ɗaya na san kalmar conceive take nufi, wato mace ta ɗauki ciki. Sai ga shi a wani rubutu kan tarihin kwamfuta na ga an ce "Charles Babbage conceived the Analytical Engine." Namiji, kuma da na'ura? Na biyu, na rubuta "I cannot conceive such cruelty" a aikin gida, malaminmu ya sa jan biro ya ƙara of bayan conceive. Ina laifina? Daga wata mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Malama, barka kadai. Abin da kika sani daidai ne, sai dai rabin zancen ne. Kalmar tana da ma'ana biyu, kuma tun asali tare suka taho.

Turanci ya aro ta ne daga tsohon Faransanci wajen shekarar 1300, a zamanin da kalmomin Faransanci suke ta kwarara cikin Turanci bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066. Shi kuma Faransanci ya gaje ta daga Latin, harshen Rumawan da, inda take concipere, tushenta capere, ma'ana kamawa ko ɗauka. Mahaifa ta ɗauki ɗa, zuciya ta ɗauki tunani, duk da kalma guda Rumawa suke faɗa. Har yau concevoir ta Faransanci tana ɗauke da ma'anonin biyu. Bai kamata wannan ya ba Bahaushe mamaki ba, tunda mu ma cikin da ake ɗaukar ɗa a cikinsa shi muke jingina wa farin ciki da baƙin ciki, kuma mai ɓoye abin da yake ƙullawa mu ce yana da zurfin ciki.

To, idan aka ce mutum ya yi conceive ɗin wani shiri ko wata dabara, ana nufin a kansa abin ya fara tsirowa, shi ya ƙago shi, ya tsara kamanninsa a zuci tun kafin a ga komai a ƙasa. Misalin da kika ci karo da shi ya dace ƙwarai. Babbage masanin lissafi ne ɗan Ingila. A shekarun 1830 ya tsara wata na'urar lissafi mai aiki da ƙarafa da ƙananan tayoyi masu haƙora, wadda za a iya ba ta umarni ta hanyar katuna masu huji, tana da sashen ajiye lambobi da sashen sarrafa su, kusan yadda kwamfutar yau take. Ya rasu a 1871 ba a gama ƙera ta ba. Shi ya sa marubucin bai ce built ba, don ba a gina ba. Ya zaɓi conceived, wadda take ba mutum ladan tunanin ko da aikin bai tabbata ba.

Haka ake cewa Tim Berners-Lee ya yi conceive ɗin World Wide Web a 1989, lokacin da yake aiki a cibiyar binciken CERN da ke kusa da Geneva. A shekarar takarda kawai ya rubuta ya miƙa wa shugabanninsa. Sai a 1991 abin ya fito ga jama'a. Kin ga akwai tazara tsakanin ɗaukar ciki da haihuwa, ke kin fi ni sani.

Wanda ya fi burge ni wajen amfani da fuskokin kalmar biyu lokaci guda shi ne Abraham Lincoln, shugaban Amurka na wancan lokacin, a jawabinsa na Gettysburg ranar 19 ga Nuwamba, 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Ya ce kakanninsu sun kafa "a new nation, conceived in Liberty." Mai sauraro yana jin ƙasa da aka tsara bisa 'yanci, yana kuma jin jaririya da aka ɗauki cikinta cikin 'yanci. Da ya ce planned, da jimlar ta zama ta rahoton ofis.

Yanzu ga jan biron malaminku. Akwai bambanci tsakanin conceive ita kaɗai da conceive of. Ta farko ƙirƙira ce: "They conceived a plan," sun ƙago shiri. Ta biyu surantawa ce, wato ka kawo hoton abu a ranka, ka ga ko hankalinka zai iya ɗaukarsa, ko da wani ne ya yi abin. Zaluncin da kike magana a kai ba ke kika ƙirƙiro shi ba, cewa kike hankalinki ya kasa ɗaukarsa, don haka "I cannot conceive of such cruelty" ita ce ta zauna daidai. In za a yi adalci, jimlarki ba karyayya ba ce, tsofaffin marubutan Turanci sun sha rubuta irinta babu of. Amma a kunnen mai karatu na yau tana da ƙamshin zamanin da, kuma mai duba jarrabawa ba zai tsaya neman miki uzuri ba. Ki bi malaminku. Ki lura kuma cewa conceive of ta fi yawo tare da korewa: cannot, hard to, impossible to. Daga nan aka sami inconceivable, abin da hankali ba zai ɗauka ba.

Wani tsarin da za ki riƙa gani a littattafan karatu shi ne "was conceived as," ma'ana da farko an tsara abin ne a matsayin kaza, sau da yawa don a nuna daga baya ya rikiɗe ya zama wani abu dabam. Idan kuma 'yan jarida suka kira wata manufar gwamnati ill-conceived, suna cewa ne tun daga tushe ba a yi tunani mai kyau ba, ba wajen aiwatarwa aka sami matsala ba.

Danginta suna da yawa: concept, conception, misconception wato gurguwar fahimta, preconceived wato ra'ayin da mutum ya riga ya ƙulla kafin ya ga hujja, har da contraception da kuke karantawa a ajinku. Wadda ɗalibai suke yawan rikita ta da ita ita ce perceive. Ita wannan daga waje take shigowa, abin da ido ko kunne ko hanci ya kawo maka. Conceive daga ciki take fitowa. Rubutunsu kuwa iri ɗaya ne, e kafin i, kamar a receive da deceive.

Shawarata, kada ki mai da ita kalmar hira. Ta rubutu ce da lacca. A magana ta yau da kullum Bature "come up with" ko "think up" yake cewa, in kuwa surantawa ce ya ce imagine. Akwai kuma ideate da masu tarukan kamfanoni suke ji da ita, ni dai ba na ba ɗalibi shawarar ya ɗauke ta.

Abu ɗaya da za ki kiyaye: idan aka bar conceive tsirara babu abin da ya biyo bayanta, ma'anar asibiti ce take fitowa. Kina son yabon shugabarku kan sabon tsarin da ta kawo, sai ki ce "She conceived the new system last year." In kika yar da the new system, kika ce "She conceived last year," to kin sanar da jama'a cewa bara ta sami juna biyu.