Injin sake ɗura harsashi mai araha

Malam, ka tambaya daga Agege wane inji mai juyawa na sake ɗura harsashi ɗan'uwanka maharbi a Amurka zai saya da kuɗi kaɗan. Kada dai ya aiko shi Legas, Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi babu lasisi.

Lee Pro 1000 yana da araha, amma gurbi 3 gare shi (gurbi shi ne wurin da kwanson harsashi ke tsayawa a yi masa aiki ɗaya), kuma mazurarin hular kunna wuta (wadda ake sa wa a gindin kwanso) yakan toshe idan albarushi ya zube ciki. Ni Hornady Lock-N-Load AP mai gurbi 5 na fi so, don ya ware gurbi ɗaya wa na'urar duba albarushi. Kwanson da aka ɗura wa albarushi sau biyu yakan fasa bindiga, wanda aka tsallake kuwa yakan bar dalma maƙale a bututu. Ya ware kuɗin sikelin auna albarushi tun yanzu.