Tambaya da Amsa: Nakasa da Matsin Iyaye a Labaran Soyayyar Maza

Tambaya: Ina yawan karanta ƙagaggun labaran ƙasashen waje a intanet, kuma na lura cewa a waɗanda suke ba da labarin soyayya tsakanin namiji da namiji, sau da yawa ɗayansu kurma ne, ko makaho, ko gurgu. Me ya sa marubutan suke haɗa waɗannan abubuwa biyu, kuma me ya sa rigimar takan ƙare a kan iyaye? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, rubutun soyayya tsakanin namiji da namiji ba sabo ba ne. A Japan ya samu gindin zama tun shekarun 1970, cikin labaran zane da mata suka riƙa yi wa 'yan'uwansu mata, kuma har yau mata ne suka fi karanta shi.

Dalilin haɗawar yana cikin gida. Lafiyayyen ɗa iyayensa sun zuba masa ido ya kawo mata, ya ba su jikoki, sunan gida ya ɗore. Nakasasshe kuwa sau da yawa ba a ma sa shi cikin lissafin aure, ana ɗaukarsa yaro ko da ya yi furfura, duk da cewa sashe na 23 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin nakasassu ya tabbatar musu da 'yancin yin aure da kafa iyali. Idan marubuci ya haɗa wanda iyaye suka ɗora wa buri mai yawa da wanda aka fid da rai da shi, to ya samu rikicin da zai riƙe littafi ba tare da ya ƙirƙiro mugu ba.

Sai dai ba duka ne suka iya ba. Ragon marubuci yakan mayar da nakasa abin jawo tausayi, sannan a babin ƙarshe likita ya yi aiki makaho ya gani, kamar soyayyar ba za ta cika ba sai an gyara shi. Ƙwararre kuwa ƙananan abubuwa yake nunawa: masoyin da yake tuntuɓe wajen koyon maganar hannu har kurman ya yi masa dariya, ko wanda ya gane cewa ba a tura keken mutum sai an nemi izininsa. A hannun irin wannan marubuci uwar ma ba azzaluma ba ce, domin abin da yake hana ta barci shi ne wanda zai kula da ɗanta bayan ranta, kuma wannan fargaba ce take fitowa daga bakinta a matsayin hani.