Laftof ta ƙi ganin kyamara, ga abin da na sani

Ɗan'uwa da ka ce ka jona kyamararka Canon da laftof amma shiru kamar an shuka dusa, ga hotunan bikin ƙanwarka a ciki, wallahi ina karantawa gabana ya faɗi. Don girman Allah kar ka miƙa wa kowa katin memorin kyamarar nan tukuna.

Ni abin da ya same ni, hotunan sunan ɗan yayata ne. Na kai wa wani yaro mai shagon tura finafinai a waya ya kwashe min, yana saka katin kwamfutarsa ta fito da saƙon nan mai cewa sai an yi Format, ko ɗago kai bai yi ya tambaye ni ba ya danna abinsa, sannan ya juyo yana ce min wai oga ai katin naka ba komai a ciki. Ba komai! Har da hoton kakarmu riƙe da jaririn, kuma ba a daɗe ba Allah ya yi mata rasuwa. Abin da ya fi ƙona min rai ko haƙuri bai bayar ba, ƙarshe ma kuɗin aiki yake nema yana taunar cingam. Har yau in an haɗu a taro sai Yaya ta yi min habaici.

To kai fara duba wayar USB ɗin da ka jona, wasu na caji ne kawai ba sa ɗaukar komai, nemo wadda ta zo cikin kwalin. Kuma sai kyamarar tana kunne, batir da caji sosai. Wasu Canon ɗin irin su 70D in Wi-Fi na kunne USB ba ya aiki sam, shiga menu ka kashe.

Amma ni dai tun daga wancan lokacin da kaina nake cire katin in saka a laftof. In laftof ɗin na da ramin saka katin SD shi ke nan, in babu sayi kad rida, ɗan abin da ake saka kati a jona da laftof, ba tsada. A gefen katin akwai ɗan makulli, ja shi ƙasa wajen Lock kafin ka saka, galibi babu abin da zai iya gogewa ko ya zuba maka bairos ɗin nan mai mayar da folda shotkot. Buɗe foldar DCIM da ke katin, a ciki za ka ga foldar hotunan irin su 100CANON, ka yi Copy, kar ka kuskura ka yi Cut, in wuta ta ɗauke ko waya ta motsa a tsakiya kuka ne. Buɗe su a laftof ka gani da idonka sannan ka yi Eject. In ta ce Format danna Cancel, sau da yawa katin 64GB ne tsohuwar rida ba ta iya karanta shi. In ka ga hotuna masu CR2 a ƙarshen sunansu sun ƙi buɗewa ba lalacewa suka yi ba, RAW ne, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, manhajar Canon na buɗe su.

Ko da an goge ma kar ka ƙara ɗaukar hoto a katin, manhajar Recuva ko PhotoRec kan dawo da su, ni ba wanda ya gaya min sai bayan an cika katin da wani bikin.

Af, in za ka tura wa amarya ta WhatsApp tura a Document, in ba haka ba matse su yake yi, a je wankewa fuska ta fito dishi-dishi. Wace Canon ce taka ma tukuna?