Ka tura daga Jidda ranar Alhamis, sai Talata suka isa Garwa: ina kuɗin suka kwana?

Wani ɗan'uwa da ke tuƙin mota a Jidda ya aiko da tambaya. Ya tura wa mahaifiyarsa kuɗin magani ta banki ranar Alhamis bayan la'asar, nan take aka cire su daga asusunsa, amma ƙanensa ya yi ta sintiri a reshen banki na Garwa, a Kamaru, har Talata. Kafin su shigo, an fara ƙunƙuni a gida wai ko bai tura ba. Shi ne yake cewa, tunda kwamfuta ke aikin, ita ma hutun ƙarshen mako take yi?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Kana da gaskiya, kwamfuta ba ta barci. Sai dai idan ka tura kuɗi ƙasar waje abu biyu ne ke tafiya, kowanne da saurinsa. Na farko saƙo ne da bankinka ke aikawa ta hanyar SWIFT, wato hanyar da bankunan duniya ke aika wa juna saƙo, yana cewa a ba wane kaza. Wannan ba ya ɗaukar lokaci. Na biyu shi ne bankin can ya biya bankin nan da gaske, kuma wannan sai a ranakun da manyan bankunan ƙasashen suka buɗe littafinsu. Kamar dillalin shanu ne ya kira ka ya ce an sallama, amma kuɗi sai ranar kasuwa. Bankin gida ba zai zuba maka daga aljihunsa ba sai ya ga an biya shi.

Bi sawun kuɗinka ka gani. Riyal ba ya zama sefa kai tsaye. An ɗaure riyal da dala, 3.75 kan dala ɗaya, sefa kuwa da yuro aka ɗaure ta, 655.957 kan yuro ɗaya. Don haka kuɗin kan ratsa ta wani banki mai shiga tsakani a Amurka ko Turai. Kowane banki yana da sa'ar da yake rufe karɓar aikin ranar, abin da ya zo bayanta sai ranar aiki ta gaba. Naka ya zo bayan la'asar ta Alhamis, Saudiyya kuma tun 2013 Juma'a da Asabar take hutu, ke nan sai Lahadi bankinka ya waiwaye shi. Lahadin kuwa Turai a rufe, Amurka a rufe, Kamaru a rufe. Tsarin T2, wanda bankunan Turai ke biyan juna yuro ta cikinsa, ba ya aiki Asabar da Lahadi, a ranakun aiki ma ƙarfe 5 na yamma agogon Jamus yake daina karɓar kuɗin jama'a. Litinin bankin da ya shiga tsakani ya saki kuɗin, suka sauka a hedikwatar bankin Inna a Duwala ko Yawunde, aka canza su, Talata suka bayyana. Ma'aikacin reshen Garwa da ya ce wa ƙanenka bai ga komai ba, gaskiya ya faɗa, domin kuɗin waje ba ta teburinsa suke fara bi ba.

Abin da za ka riƙe: tsakanin Saudiyya da gida, kwana huɗu ne kawai a mako kowa ke bakin aiki, Litinin zuwa Alhamis. Na Libiya ma haka lamarinsu yake. Na Dubai sun ɗan samu sauƙi tun da aka mayar da hutunsu Asabar da Lahadi a 2022.

A gida ma akwai wani zangon. Idan asusun yana ƙaramin banki ko gidan ajiya irin na 'yan kasuwa, sai wani banki mafi girma ya karɓa sannan ya miƙa. Tsakanin bankunan Kamaru, Chadi da sauran ƙasashe huɗu masu sefa ɗaya, babban bankin BEAC ne ke raba lissafi: abin da bai kai sefa miliyan 100 ba yakan bi SYSTAC, inda ake tara na yini a daidaita gaba ɗaya, manya kuma su bi SYGMA. Duka biyun a ranakun aiki suke. Wannan zango kaɗai na iya cin kwana guda.

Wani abin da ke yawan riƙe kuɗin mutanenmu shi ne suna. Na'ura tana gwada kowane suna da jerin waɗanda aka haramta wa mu'amala, sunaye irin su Muhammad da Abubakar kuwa sun yi yawa a duniya. Da ta yi shakka sai ta ajiye, sai ɗan Adam ya duba, shi kuma ya tafi hutu. Ga kuma rubutu: kai ka rubuta Usman ko Umaru, katin ɗan ƙasa da asusun banki suna ɗauke da Ousmane ko Oumarou. Sa a ɗauko maka hoton takardar RIB daga banki, wato takardar bayanin asusu mai lamba 23, ka kwafe sunan harafi da harafi, kada ka yarda da wanda aka karanto maka a waya. Idan kuɗin na da kauri, bankin gida na iya neman shaidar inda suka fito da dalilin turowa, musamman tun da dokar canjin kuɗi ta yankin ta fara aiki a 2019. Ajiye hoton iƙamarka da takardar albashi a kusa.

Kuɗin makaranta, na haya ko na gini, tura su Litinin ko Talata da safe, ka ƙiyasta kwana biyu zuwa biyar na aiki. Duba kalanda uku, ta can, ta gida, da ta Turai: 20 ga Mayu hutu ne a Kamaru, 11 ga Agusta a Chadi, T2 kuma tana rufewa Juma'a da Litinin na Ista, 1 ga Mayu, da 25 da 26 ga Disamba. Kuɗin rago kuwa, kada ka bari sai ana jajibiri, hutun sallah a bankunan Saudiyya ya fi na gida tsawo.

Na asibiti daban ne, ciwo ba ya jiran Litinin. Nan kamfanonin aika kuɗi irin su Western Union da MoneyGram, ko masu zubawa a Orange Money, MTN MoMo, Airtel Money da Moov Money, sun fi dacewa. Saurinsu ba siddabaru ba ne: sun riga sun ajiye kuɗi a ƙasar, su biya naka daga ciki, su daidaita da banki daga baya. Kafin ka danna, dubi sefa nawa za su isa hannu, domin a farashin canji suke cin ribarsu, ka kuma tambayi iyakar abin da asusun wayar ke ɗauka.

Maganar ƙunƙunin gida, tun a ranar ka tura musu hoton rasit, ka faɗi ranar da ya kamata su je. Idan kwana biyar na aiki suka wuce shiru, nemi bankinka ya ba ka takardar shaidar turawa ta SWIFT, wadda aka fi sani da MT103, da lambar bin sawun kuɗi ta UETR mai harafi da lamba 36. Ƙanenka ya kai ta reshe ya ce a tura wa sashen kuɗin waje na hedikwata, da ita za su ga bankin da kuɗin suka tsaya.