Amsar Goggo a kan ninka kuɗin biki

'Yata, saƙonki ya iso ni nan Gadarif ta ƙasar Sudan ranar Talata, sai da na sa aka kunna mini shi sau biyu saboda hayaniyar yara. Kin ce ƙawarki ta can Makka ta ba ki riyal 100 ranar aurenki, yanzu ta haihu, mahaifiyarki kuma ta ce 200 za ki kai ranar suna. Kina tambaya ko dole ne, kuma ina abin zai tsaya.

Mahaifiyarki ba ta yi ƙarya ba, haka muka taso muka gani a Mai Wurno. Kakanninmu da suka baro ƙasar Hausa bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna bakin kogi kusa da Sinnar, ba su taho da dukiya ba, amma matansu sun taho da biki. Mace na da abokiyar bikinta. In na kai miki girish 5, ƙananan kuɗinmu na da, ranar sunanki, ranar nawa ki kawo 10, ni kuma in mayar da 20. Sai dai rabin maganar mahaifiyarki ta faɗa miki, ɗaya rabin kuwa shi ne mai amfani.

Kin san shekarun da na yi ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, don haka ɗauko takarda. Jeri iri biyu ne. Akwai wanda kullum ake ƙara masa abu ɗaya, wanda littafinku na Larabci ke kira mutawaliya hisabiyya, ni nakan ce wa ɗalibaina jerin ƙari. Adashi ke nan, wanda ake ce wa sanduƙ a nan, ku kuma jam'iyya a can. Kina zuba riyal 100 duk wata, abin da kika zuba zai tafi 100, 200, 300, a wata na goma ya zama 1,000. Tafiyar raƙumi ce, taku ɗaya bayan ɗaya, kina iya hango inda za ta kai.

Na biyun shi ne mutawaliya handasiyya, jerin ninki, kuma shi ne biki. Da farko yana da fuskar mutunci: 100, 200, 400, 800. Ba wadda za ta ji tsoro. Ci gaba dai: 1,600, 3,200, 6,400. A karo na goma an kai 51,200. Yanzu ki ce Allah ya ba ki 'ya'ya shida, ya ba ta shida, ga aurenku biyu, sha'ani 14 ke nan. A na ƙarshe wata cikinku za ta kai wa 'yar'uwarta riyal 819,200 a ambulan, tun ba a fara aurar da yaran ba. Wane mijin ne zai zauna? Da 50 kawai kuke ƙarawa kowane karo, na 14 ɗin riyal 750 ne.

Ki lura da wani abu da nakan sa yara su gano da kansu. Haɗa 100 da 200 da 400, kin sami 700. Na gaba 800 ne. Kowace kyauta ta fi duk waɗanda suka gabace ta a haɗe, da riyal 100 ɗin farko. Kuma ke a karan kanki ba ninki biyu kike yi ba, huɗu ne: yau 200, in zagaye ya dawo kanki 800, sannan 3,200.

Kakarki, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa riƙe alli ba, amma ta san wannan sarai. Ba a barin biki ya yi ta hawa. In ya ninku sau uku ko huɗu, wadda nauyin ya faɗo kanta, ko babbar cikinsu, sai ta je har ɗaki ta ce, "Ƙawa, abin nan ya yi tsawo, mu sauke shi." A koma ƙaramin kuɗi a sake farawa, ba wadda za ta ji an raina ta. Wannan saukewar ita ce 'yan yanzu suka yar, suka riƙe ninkin. Sun ga ana hawa bishiya, ba su tsaya sun ga yadda ake saukowa ba. Na san wata da ta sayar da awarwaron zinarenta don kada a ce ta gaza, ƙawar tata kuma ba ta ma sani ba sai bayan shekara, ta yi ta kuka.

Me ya sa ba a mayar da daidai? Don wadda ta kawo miki 100 kika mayar mata da 100 cif, kamar kin ce mata mun biya juna, kowa ya kama gabansa. Ɗan abin da ya hau kai shi ke sa ƙafa ta sake takowa gidan. Ko Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana karɓar kyauta yana kuma sakawa a kanta. Abin da ba na so shi ne littafin nan da wasu ke ajiyewa suna bin mutane da shi kamar masu bin bashi. Rubutu don tuni daidai ne, maza ma suna da kashaf ɗinsu, takardar rubuta gudummawa, a wurin aure da rasuwa. Amma ranar da kika aika a tambayi wance ina ninkinki, ya tashi daga kyauta, ki je ki ji abin da malamai za su ce miki game da bashin da ke jawo ƙari.

Mu nan ma wani ninkin ne ya ci mu, na farashi. A 1992 aka kawo dinari, ɗaya a bakin jine 10, wato fam ɗinmu na Sudan. A 2007 aka dawo da sabon jine, ɗaya a bakin dinari 100. Jine 1,000 na ƙuruciyata ya koma jine ɗaya. A 2021 hauhawar farashi ta haura 300 cikin 100, ga yaƙi ya zo a 2023 ya ƙarasa sauran. A irin wannan hali ko kin ninka, abin da kika mayar bai sayi abin da aka ba ki ba, mai kwasar ƙarshe a adashi kuma ita ce ta yi wa kowa aiki. Shi ya sa a layinmu muka koma zubin sukari da sabulu da man girki, kilo na nan kilo. Ku riyal ɗinku tun 1986 yana 3.75 a kan dala, ba ku da wannan uzurin, kuma ba ku da wannan ciwon.

To, wannan karon kai mata 200 ɗin, tunda shi ne ninkin farko kuma mahaifiyarki ta riga ta furta. Haɗa da 'yar rigar jariri. In an watse, kin taya ta kintsa ɗaki, ki ce mata daga yau ku tsaya tsakanin 100 da 200, wadda ta samu ta ɗora turare ko atamfa a kai. Ina kyautata zaton ita ma tana can tana lissafin 400 ɗin da ke jiranta.

Ki gaida maigidanki da mahaifiyarki, ki ce mata ina nan ina jiran dabinon da ta yi mini alkawari tun Ramadan. In kin shiga Harami ki sa mu a addu'a.

Goggonki